Ruwan Man Shanun Damina

Da sunan Allah Mai jin ƙai nake farawa. Labarin wata tsohuwar mota ne, amma sai na fara da mahaifiyata, don saboda ita aka taɓa motar.

Ni ne ɗan farin Inna. Wanda ya zauna da Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kuma duban fuskata ta yi mini magana. Gida ɗaya muke a unguwar Nasarawo, ƙofar ɗakinta tana kallon tawa, amma in tana da buƙata sai ta kira matata ta ce, "'Yar nan, a gaya wa wancan kaza," ko da kuwa ina zaune a tsakar gida ina ji. Nakan durƙusa in gaishe ta safe da yamma, ta amsa tana kallon bango. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. Haka ta taras ana yi, ni ma haka na tashi na gani.

Shekarun baya ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Aka yi ɗori, aka yi asibiti, Allah ya sa ta koma takawa da sanda. Sai dai zama ya gagare ta. Ko ta tsaya, ko ta kishingiɗa. In ta zauna a kujera, kafin a sha ruwa gumi ya karyo mata.

Tana da yaya guda, wadda dukanmu muke kira Adda, a ruga can ta hanyar Dukku. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Tun faɗuwar Inna ba su sa juna a ido ba, waya kuma ba ta yi musu amfani, don kunnen Adda ya mutu. A ƙarshen wata damina ɗan Adda ya kira ni, ya ce jikin tsohuwa ya yi nauyi, abinci sai an lallashe ta, kuma kullum tana tambayar ƙanwarta. Na faɗa wa matata, ita kuma ta shiga ta faɗa wa Inna. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba.

Muka gwada ƙaramar motar wani maƙwabci. Aka jera matasai, aka kwantar da kujera iya kwantuwarta. Ba mu fita daga cikin gari ba matata ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam, a juya." Na leƙa madubi na ga Inna ta cusa bakin mayafinta a baki tana cije da shi. Muka dawo.

Da yamma matata tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta nuna gindin dogonyaro da haɓa.

"Waccan fa? In aka kwantar da kujerun baya, katifa za ta shiga har da saura."

Motar mahaifina take nufi, Allah ya ji ƙansa. Doguwa ce, irin wadda ake ce wa wagon, mai kujeru layi uku da ƙofar baya da ake ɗagawa sama. Ya saye ta ina can wurin kawuna ina karatu, da na dawo gida na same ta fara, haka kuma na san ta. Ta ɗauki buhunan auduga da na wake, ta ɗauki kayan ɗakin amare, ta kai mata masu naƙuda asibiti. In an yi rasuwa a unguwa ma ita ake zuwa nema, bai kuma taɓa hanawa ba. Bayan rasuwarsa na ɗan ja ta, sai ta fara ciwo yau, ciwo gobe, har na ɗora ta a kan bulo na ce sai na samu sarari. Kaji suka samu sarari kafin ni, suka mai da ita akurki.

Matata ta kai wa Inna shawarar. Ta daɗe a ɗakin, sannan ta fito da amsa.

"Ta ce a gyara. Amma a mai da ita yadda take."

Ina da aboki a unguwar Dawaki, Babarbare, fanabita ne mai gyaran jikin mota, kuma mai fenti. Tare muka yi karatun zaure muna samari, shi ya kama guduma, ni na zauna da alƙalami da tawada. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni, babba da yaro ba a jin haushi. Da na kira shi ya zo a kan acaɓa, ya zagaya motar, ya ɗaga murfin injin, wata kaza ta yi tsalle ta fito ta bi ta kan hularsa.

"Kai Bafillace," ya ce, "an ba ku mota kun mai da ita ruga. Ina ka ɗaure ɗan maraƙin, a bayan motar?"

Daga ƙofar ɗakinta Inna ta ce, "Wa nake ji kamar bawanmu?"

"Ubangidanku dai, Inna. Na zo duba dukiyata."

Da shi tana magana kai tsaye, har da dariya. Ni ina tsaye a gefe ina ta murmushi kamar baƙo.

Tunda motar ba ta motsi, a gida aka yi komai. Ya kawo wani bakanike da ya wanke kafireta, ya sauya filogi da batir, ya toshe lagireto inda yake yoyo. Injin bai ba da wahala ba, ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya kama. Jiki ne aikin. Tsatsa ta cinye gindin ƙofofi, kuma daidai inda katifa za ta kwanta akwai rami da ake hango ƙasa ta cikinsa, ƙarfen gefensa yana marmashewa in an taɓa. Abokina ya ce ba zai ɗora tsohuwa a kan wannan ba. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya yi waldar sabon falle, ya bubbuga inda ya lotsa, ya shafe da filar cike ramuka. Wurin da aka yi wa walda kuma dole a rufe shi da fenti, in ba haka ba tsatsar ta dawo. Da muka ga rabin jikin ya zama dabbare-dabbare, muka ce a yi mata gaba ɗaya.

Gugar sanfefa ni na karɓa. Aiki ne da ya dace da ni, ba ya son gaggawa. A jiƙa takardar a bokiti, a goga a hankali, a shafa da tafin hannu a ji ko ya yi sumul, kamar mai gyaran sabon allo kafin a ɗora masa harafin farko. Bayan sallar asuba da karatu nake fitowa, in yi ta yi har rana ta take, ina salati a zuci, farin ruwa yana gangarowa ta gwiwar hannuna.

Ina cikin gugar murfin injin sai na ga farin ya ƙare, wani launi ya leƙo daga ƙarƙashi, rawaya-rawaya mai laushi. Na ci gaba, ya yi faɗi kamar faifai. Na kira abokina.

Ya duba ya ce, "Shimfiɗa ce. Ita ake fara fesawa kafin fenti na gaskiya. Ci gaba da gugarka, malamin allo."

Ranar na ga Inna ta fito da sandarta, ta tsaya daga nesa ta daɗe tana kallon wurin. Da azahar sai ga ƙwarya an kawo mana, fura ce damammiya da kindirmo mai kauri, har da man shanu yana yawo a kai. Abokina ya sha ya yi gyatsa ya ce yau Fulani sun yi kyauta, lalle za a yi ruwa. Muka ɗauka jin daɗin ganin aiki yana tafiya ne. Na koma na goge wurin tas, aka bi shi da shimfiɗa ruwan toka.

Muka sayo farin fenti. Aka zaɓi safiya mai kwanciyar iska, aka yayyafa wa tsakar gida ruwa, aka kulle kaji, aka liƙe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu. Ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya tada janareta da injin iska, ya riƙe bindigar feshi yana kai ta yana komowa, hannunsa ba ya rawa. Kafin walaha mota ta fito fara sol, kamar ranar da na fara ganinta. Sai da idona ya ciko. Na waiwaya wajen ɗakin Inna, na ga an saki labule. Ranar fura ba ta zo ba.

Da fentin ya bushe, na fito da ita ƙofar gida, na ɗaga ƙofar baya, na kwantar da kujeru, na zura katifa, na shimfiɗa farin zanen gado ina gyara kusurwoyi. Wani dattijo maƙwabcinmu yana dawowa daga masallaci ya hango ni. Ya tsaya cak, ya ƙaraso da sauri yana salati.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, yaushe? Ba mu ji sanarwa ba."

Na ce masa lafiya lau, tafiya za mu yi. Ya yi ta ba da haƙuri, ya wuce yana girgiza kai. Na tsaya riƙe da bakin zanen ina kallon farar motar. Kafin in shiga gida matata ta tare ni a zaure.

"Ta ce ba za ta shiga ba."

"Saboda me?"

"Ba ta faɗa ba. Ta ce dai a gode wa wancan, ya sha wahala."

Na ce a gaya mata zan cire farin zanen in sa mai furanni. Aka dawo aka ce ba zanen ba ne. Na ce a tuna mata jikin Adda ba ya jira. Matata ta dube ni ta ce, "Malam, kana ganin ta manta ne?" Ba ni da hanyar da zan tsaya a gabanta in tambaye ta dalili, ita ma ba ta da hanyar da za ta faɗa mini. Sai na kira Babarbare.

Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ni kuma na zauna a bakin rijiya inda zan ji.

"Inna, me ya faru? Na yi aikin da ko a Kano sai a biya kuɗin kallo, kin ce ba kya shiga. Ko jaki za a nemo miki, irin na gado?"

"Wanda aka zane wa fuska tun yana jariri, ina zai san abu mai kyau?"

"Zanen nan shi ya sa ba a sace mu. Faɗa mini laifin motata."

"Na ce a mai da ita yadda take. Kun tono ta, na gani da idona, kuka sake binnewa."

Ya juyo ya dube ni, na dube shi.

"Wannan rawayar? Inna, ai shimfiɗa ce."

"Shimfiɗar gidanku. Da ita aka kawo ta. Shanuna aka kai kasuwa aka sayo ta, har da wata saniyata ole, wadda Adda ta ba ni tana maraƙa. Da mai gidan ya shigo da motar na ga launinsu ɗaya, na ce to, ta dawo da ƙafa huɗu na roba. Daga baya ne wani ya goge ta da motarsa a tasha, mai fenti ya ce fari kawai gare shi."

Ole, a bakin Fulani, saniya ce mai launi tsakanin fari da rawaya. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar.

Abokina ya sassauta murya. "To Inna, ki yi haƙuri a je a dawo, in ya so in mai da miki ita kowane launi kike so. Fari ai ba haram ba ne. Ko tsoron mutuwa kike, Bafillatana?"

"Ni? Likkafanina yana cikin akwatin nan, ni na saya." Sannan ta ci gaba. "Sau ɗaya farar motar nan ta je rugarmu da mutum a kwance a baya. Ƙaninmu ne, da ya rasu a asibiti a nan. Adda ce ta fara hango ta. Kunnenta ya tafi, amma idonta na makiyaya ne, tana gane saniya tun tana bayan tudu. Yanzu an ce kullum tana kwance a rumfa tana kallon hanya. In ta hango farar mota, ta ga an ɗaga baya ana ciro ni, kafin a yi mata bayani ta tafi. Wa zai yi mata ihu a kunne ta yarda?"

Babarbare bai sake wasa ba. Ya share fuska da hularsa ya ce, "Yaya launin yake? Na goge shi ban ƙare masa kallo ba."

"Kamar man shanu."

"Man shanu ai kala-kala ne."

"Na damina. Ba na rani ba, da yake fari kamar kitse. Na lokacin da shanu suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa."

Washegari ya zo da ragowar farin fenti da ƙananan gwangwanaye na rawaya da ja da ruwan ƙasa. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa ta kishingiɗa. Ta sa matata ta ɗebo man shanu a cokali, cikin wanda aka aiko mata daga ruga, aka ɗora a farin faranti. Ni aka ba sandar juyawa. Shi yana ɗiga rawaya, ina juyawa, ya dangwala a gefen man, matata ta kai mata.

"Wannan ai madara ce. Ƙara."

Ya ƙara.

"Yanzu kuma ka yi ƙwai. Kai ba ka san tsakiya ba?"

"Inna, saniyar nan taki ko dai ciwon shawara take yi?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. 'Yar nan, a gaya wa wancan ya juya har ƙasa, rawayar tana kwanciya."

Na juya har ƙasa. Na saba haɗa tawada, na san launi ba ya nuna gaskiyarsa sai ya bushe, don haka na ce a riƙa shafawa a kan guntun ƙarfe a bar shi ya sha iska. Muka jera guntaye a rana. Man da ke farantin ya narke, aka ɗebo wani. A ƙarshe ya taɓa ja da tsinken tsintsiya, ɗigo ɗaya, ya sa a ciki. Da wannan ya bushe aka kai mata, ta riƙe shi nesa da ido, ta karkata shi wajen haske, ta daɗe. Sannan ta ajiye a gefen matashinta, ba ta mayar ba. Matata ta yi mana alama da kai.

Sai da aka sake bin farin da sanfefa mai laushi don sabon ya kama, aka sake liƙe gilasai, aka sake fesawa, aka jira ya bushe. Kwanakin nan su ne masu nauyi. Duk lokacin da waya ta yi ƙara a aljihuna sai in yi maza in duba ko ɗan Adda ne. Na roƙi Allah a kowace sujada kada ya sa jinkirin nan ya zama abin da za mu yi ta tunawa. Inna kuwa ba ta aiko a yi sauri ba ko sau ɗaya. Carbinta kawai nake ji yana tafiya in na wuce ƙofarta.

Ranar tafiya, bayan an karya kumallo, na matso da motar har bakin ɗakinta. Ta fito da sanda, ta tsaya, ta ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ta shafa shi zuwa gefe yadda ake shafa wuyan dabba. Matata da wata maƙwabciya suka taimaka mata ta kwanta a katifa, matata ta zauna a gefenta da buta da ƙullin goro da turmin atamfa na tsaraba. Babarbare ya ce ba za a bar shi a baya ba, wai in motar ta mutu a daji Bafillace ba abin da ya sani sai ya yanko mata ciyawa. Muka karanta addu'ar hawa, muka fita ta unguwar Arawa.

Na yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Masu keken haya suna ta yi mini ham, manyan motoci suna wuce mu. Da muka bar kwalta muka shiga burji, sai in tsaya a gaban kowane rami in lallaɓa. Gero ya yi kai a gonaki, dawa tana ja. Sau biyu muka tsaya aka gyara mata matashi, sau ɗaya kuma injin ya yi zafi muka jira ya huce muka ba shi ruwa.

Tun daga kan tudun ƙarshe na hango rumfar, da wani abu a kwance a ƙarƙashinta. Kafin mu ƙarasa abin ya motsa, ya ɗaga hannu. Ɗan Adda ya taho da gudu ya tare mu, yana haki yana dariya.

"Tun kuna can sama ta ce a ɗaga ta. Wai ga ole tana zuwa, a shimfiɗa tabarma ta biyu."

Aka ciro Inna a hankali, ta taka da sandarta har rumfar. Adda ta rame ƙwarai, sai idanu. Ba su rungumi juna ba, ba su yi kuka ba. Aka kwantar da Inna a tabarmar da ke gefe, su biyu a kishingiɗe, kowace tana kallon wani wuri dabam, suka shiga gaisuwa. Sai dai dole Inna ta ɗaga murya, ta kai bakinta kusa da kunnen yayarta tana tambayar lafiyar jiki, da ta yara, da ta shanu, da yadda aka ga damina, ɗaya bayan ɗaya, har kajin rugar suka watse. Adda tana amsawa da jam, jam, wato lafiya lau, ko ta ji ko ba ta ji ba.

Muka koma gindin wata tsamiya ni da abokina, aka kawo mana nono. Daga can muna jiyo su. Gaisuwa ta ƙare, an shiga wata tsohuwar rigima a kan wadda ta fasa ƙwaryar mahaifiyarsu suna yara. Adda ta ce a kawo mata fura, za ta sha.

Da la'asar matata ta zo ta same mu.

"Ta ce a gaya maka ka koma gida. Ita sai an gama girbi."